Sun Buɗe Aji, Sun Manta Da Makullin Filin Kwando

Ka riƙe wannan rana a ranka: Alhamis, 12 ga Maris, 2020. A ranar Shugaba Muhammadu Buhari yana Argungu wajen buɗe bikin kamun kifi, wanda aka dawo da shi bayan ya yi fiye da shekara goma ba a yi ba. Gari ya cika maƙil, ba masaka tsinke. A wannan ranar dai, can a Amurka, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fito ta ce ta soke babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙarshen kaka, wadda suke kira March Madness. Tun 1939 ake buga gasar nan, ko Yaƙin Duniya na Biyu bai tsayar da ita ba. Korona ta tsayar da ita a yini ɗaya.

Kwana ɗaya kafin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar duniya, NBA kuma ta dakatar da wasanninta bayan an samu Rudy Gobert na Utah Jazz ɗauke da ita. Mu kuwa ranar Asabar 14 ga wata dubban masunta suka afka Matan Fada da homa da gora, aka ciro kifi mai kilo 78 ya zo na ɗaya. Ba laifin kowa nake gani a nan ba, don a lokacin mutum biyu kacal aka tabbatar suna da cutar a duk Najeriya. Amma bayan kwana tara, ranar 23 ga Maris, makarantun Arewa maso Yamma suka rufe bisa matsayar da gwamnonin yankin suka cimma. Aka ce kwana 30 ne. Kai ma ka san yadda kwana 30 ɗin nan suka ƙare.

Abin da ya kawo ni yau ba rufewar ba ce. Rufewa ta zama dole a lokacin, babu mai hankalin da zai ce a bar ɗalibai cunkushe a ɗakin kwana alhali ba a san kan cutar ba. Maganata a kan buɗewa take. Don a wajen buɗewa ne ake gane abin da hukuma ta ɗauka da muhimmanci da wanda ta ɗauka wasan yara.

Bi jerin da kanka. Jiragen sama na cikin gida sun dawo aiki a Yuli. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma ranar 4 ga Agusta, suka fara WAEC ranar 17. An yi zaɓen gwamna a Edo ranar 19 ga Satumba, aka yi na Ondo ranar 10 ga Oktoba, da gangami irin wanda ka gani a Facebook, mutum a kan mutum, takunkumi a haɓa. Makarantun gwamnatin tarayya sun buɗe a Oktoba. Gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NPFL, ba ta dawo ba sai 27 ga Disamba. Bikin wasanni na ƙasa da aka shirya yi a Benin a Maris ɗin 2020 an yi ta ɗaga shi har sai Afrilun 2021. Jihar da ta iya tara dubban mutane a filin kamfe a Satumba, ita ce aka ce ba za ta iya karɓar 'yan wasa ba sai bayan wata bakwai. Wasannin ɗalibai kuwa su ne kurar baya. Gasar jami'o'i ta NUGA an yi ta a Makurɗi a 2017, ba a sake yi ba sai Maris ɗin 2022 a Jami'ar Legas, shi ma a tsakiyar yajin aiki. Shekara biyar. Yaron da ya shiga jami'a bayan ta Makurɗi zai iya gama digirinsa na shekara huɗu bai taɓa ganin gasar da idonsa ba, balle ya sa riga.

Za ka ce ai ba korona kaɗai ba ce, akwai ASUU. Gaskiyarka. Yajin aikin malaman jami'a ya fara gadan-gadan a ranar da aka rufe makarantu, 23 ga Maris, bai ƙare ba sai 23 ga Disamba, wata tara cif. Jami'o'i suka fara komawa a Janairun 2021. A wannan shekarar malaman kwalejojin fasaha suka yi nasu na kimanin wata biyu. A 2022 ASUU ta sake tafiya daga Fabrairu har Oktoba. To ai wannan bai rage wa maganata ƙarfi ba, ƙara mata ya yi. A ƙasar da rufe makaranta ya zama kamar damina, ka san dai za ta zo ko ba ka san ranar ba, ya kamata a ce akwai rubutaccen tsari na abin da za a yi da kakar wasa idan an rufe, da yadda za a ɗora idan an buɗe. Mu muna da na jarrabawa. Na fili ne babu.

Yanzu mu leƙa Amurka, ba don su mala'iku ba ne, za ka ga ba su ba ne. Da aka soke gasar 2020, jami'ar Kansas ce ke kan gaba a jerin ƙungiyoyin ƙasar, kuma dogon da ke tsaye mata a ƙarƙashin kwando ɗan Najeriya ne, Udoka Azubuike. Shekararsa ta ƙarshe ke nan. Damar da ya yi shekara huɗu yana jira ta wuce a sanarwa guda, kuma hukumar ta ƙi ba irinsu ƙarin shekara. Shi ya yi sa'a, Utah Jazz ta ɗauke shi a zaɓen NBA na wannan shekarar, zaɓen da 'yan asalin Najeriya takwas suka shiga, har da Precious Achiuwa haifaffen Fatakwal. Amma ɗaruruwan takwarorinsa da ba za su taɓa shiga NBA ba, wasansu na ƙarshe a rayuwa ya wuce ba su ma san shi ne na ƙarshe ba.

Daga nan sai suka zauna suka yi lissafi. Aka ja fara sabuwar kaka zuwa 25 ga Nuwamba, 2020, lokacin da galibin ɗalibai sun tafi hutu, makarantu sun yi sarari. Aka rage yawan wasanni. Aka ce duk wanda ya buga wannan kaka ba za a ƙirga masa ita cikin shekarunsa huɗu ba, wato an ba shi ƙarin shekara ɗaya. Da Maris ɗin 2021 ya zo, maimakon a warwatsa gasar a faɗin ƙasa kamar yadda aka saba, aka kwashe ƙungiyoyi 68 gaba ɗaya aka kai jihar Indiana, kowane ɗan wasa sai ya yi gwaji bakwai a jere ba a same shi da cutar ba kafin ya shigo, 'yan kallo kuma ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun ba. Duk da haka ƙungiyar VCU ta samu masu cutar, aka cire ta ba ta buga ko minti ɗaya ba, Oregon ta wuce a ɓagas. Ba a yi rigima ba, don an rubuta dokar tun kafin a fara. Ranar 5 ga Afrilu Baylor ta doke Gonzaga da 86 da 70 ta ɗauki kofi.

Kada ka ɗauka tausayin ɗalibai ne ya sa su wannan ɗawainiya. Kuɗi ne. Mafi yawan abin da NCAA ke samu daga haƙƙin nuna wannan gasa a talabijin yake fitowa, kuma da aka soke ta 2020, kuɗin da za ta raba wa makarantu ya faɗo daga wajen dala miliyan 600 zuwa 225. Ba za su iya jure asara ta biyu ba. Yaran da ba a biyansu albashi su aka killace a otal makonni don a ceto aljihun manya. Har Mike Krzyzewski, kocin Duke na lokacin da ya fi kowa suna a harkar, ya fito a Disambar 2020 yana tambayar ko ya dace a ci gaba da wasa. Ƙungiyar mata ta Duke ɗin ta ajiye ragowar kakar gaba ɗaya. Jami'o'in Ivy League, su Harvard da Yale, suka ce su kam ba za su buga ba a wannan shekarar, suka tsaya a kan haka. Ni a ganina kowannensu yana da hujja. Wanda ya buga ya faɗi dalilinsa, wanda ya ƙi ya faɗi nasa, ɗalibi ya san inda ya tsaya. Mu namu ba a ce za a buga ba, ba a ce ba za a buga ba. Shiru kawai aka yi, shirun ya cinye shekaru.

Dawo gida. Ɗauki yaro mai ƙaramar difloma a Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Shekara biyu gare shi. Mai NCE a Adamu Augie da ke Argungu, uku. A shekarar farko baƙo ne, yana koyon inda ɗakin karatu yake, manya ne ke riƙe da ƙwallo. Shekarar da zai fara shiga ƙungiya ita ce aka rufe. Da aka buɗe, ko'ina a ƙasar nan abu ɗaya aka yi: aka matse zangon karatu don a cike giɓi, lacca ta hau kan yammacin Laraba da makarantu da yawa suka saba bar wa wasanni, ta hau kan Asabar, jarrabawa ta biyo jarrabawa. Ya karɓi takardarsa ya fita. Babu hukumar da za ta ce masa ga ƙarin shekara. Babu ma takardar da ta nuna ya taɓa zama ɗan wasa.

Sannan akwai abin da mai zaune a ofis a Abuja ba zai lissafa ba, yanayin garinmu. Mu a nan kwando a fili muke bugawa, a kan siminti, rana na kallonka. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, simintin nan sai ya gasa maka tafin ƙafa ta cikin takalmi. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ne, ga noma, yaron da ya fito daga Augie ko Suru ko Bunza yana fadama wajen shinkafa. Lokacin wasa na gaskiya shi ne hunturu, Nuwamba zuwa Fabrairu. Wata huɗu. Idan buɗe makaranta ya faɗo a kan hunturu kuma aka cika shi da jarrabawa, ba zango aka rasa ba, shekara aka rasa.

Abin haushin ma, filin da ke buɗe ga iska ya fi ɗaki aminci, wannan kam likitoci sun faɗa tun ana tsakiyar annobar. To ina samarin suka koma? Gasar Jamus ta dawo 16 ga Mayu, ta Ingila 17 ga Yuni. Ka tuna daren da Liverpool ta zama zakara bayan shekara 30? Ka tuna inda mutane suka riƙa kallon wasannin nan? Gidan kallo, rufin kwano, benci a matse, janareta na hayaƙi, mutum hamsin na ihu a fuskar juna. An kulle inda mutum goma za su yi gudu a sarari, an bar inda hamsin za su shaƙi numfashin juna. Kuma a benci irin wannan ne da yawa suka koyi cacar ƙwallo ta waya, wadda har yau wasu ba su fita ba. Wannan wani zance ne na wata rana.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa. Malam, mutane na fama da yunwa, ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa a kwarin Rima, ga 'yan bindiga, kai kana maganar jefa ƙwallo a raga? Har da mai cewa, mi ya kai ɗan Kabi ga wasan 'yan Amurka? Na farko, ban ce a ɗebi kuɗin taki a sayi ƙwallo ba. Ɗauko takardar biyan kuɗin makarantarka ka duba. A galibin manyan makarantun ƙasar nan akwai layin da aka rubuta kuɗin wasanni, kana biya kowace shekara, ko ka taɓa ƙwallo ko ba ka taɓa ba. Kuɗinka ne. Tambayar abin da aka yi da shi a shekarar da ba a buga komai ba ba rashin kunya ba ne.

Na biyu, wasan nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofin NBA sau biyu da Houston Rockets a 1994 da 1995, ɗan ƙwallon hannu ne a makarantarsa ta Legas. Gasar kwando ta farko da ya shiga a bikin wasannin kwalejojin horon malamai ne da aka yi a Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970, lokacin Birnin Kebbi da Argungu duk suna cikin Jihar Sakkwato, don sai 1991 aka yanke Kebbi. Gasar makarantu ce fa, ba wata babbar gasa ba. Daga nan ya kai Jami'ar Houston, a 1984 ya zama na farko a zaɓen NBA. Da a ce a shekarar nan an ɗage bikin har illa ma sha Allahu, kamar yadda aka yi wa 'yan zamaninka, wa ya san inda labarin zai tsaya? Ka je bakin Matan Fada ranar kamun kifi ka kalli ƙirar samarin Kabawa, ka kalli dogayen Fulani da Zabarmawa a kasuwar Kamba, ka kalli ƙarfin Dakarkarin Zuru. Jiki ba shi muka rasa ba.

Kuma kada mu jira sama ta gyara mana. Hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta rabe biyu bayan zaɓen 2017, rikicin ya durƙusar da gasar cikin gida shekaru. A Yulin 2021 D'Tigers suka doke Amurka da 90 da 87 a Las Vegas, kowa ya sa a shafinsa, amma kusan duk 'yan wasan a waje aka raine su. A Mayun 2022 gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin duniya saboda wannan rikici, D'Tigress, zakarun Afirka, suka rasa gurbin Kofin Duniya da suka samu da guminsu, aka ba Mali. Bayan 'yan makonni aka janye matakin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wanda ya yi wa zakarun Afirka haka, kana tsammanin zai tuna da filin da ke bayan ɗakin kwanan ɗalibai a Argungu?

Abin da nake ganin za mu iya bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, Waziri Umaru, Adamu Augie, jami'ar jiha da ke Aliero, kwalejin fasaha ta Dakingari. Makarantu biyar. Kowa ya je gidan kowa, wasa 20 ke nan, biyu kowace Asabar, mako goma. A fara farkon Nuwamba a gama kafin zafi ya shigo. Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar kamar awa ɗaya ce, bas ɗaya ta ɗauki maza da mata su je su dawo kafin magariba, ba otal ba jirgi. Wasan ƙarshe a kai shi Birnin Kebbi ko Argungu, duk inda aka yarda. Su Zuru da Yauri su shigo daga baya idan abin ya kafu.

Amma zuciyar maganar takarda ɗaya ce da za a sa wa hannu kafin a jefa ƙwallon farko. Idan aka rufe makaranta ɗaya, wasanninta a ɗage ne ko a ba abokin karawa? Idan aka rufe duka, mako nawa za a jira? Idan an buga fiye da rabi, wa ya ci? Wanda ya gama karatu ana cikin jira, yana da damar dawowa ya ƙarasa kakarsa? Kada ka raina waɗannan tambayoyi. NPFL ba ta amsa su da wuri ba, da korona ta tsayar da kakar 2020 sai aka koma raba maki da yawan wasannin da kowa ya buga, Plateau United ta zauna a sama ba kofi, Enyimba da Rivers United suka yi ta jayayya a kan wa ya zo na biyu. Manya ke nan masu lauyoyi. Kuma kada ka ce korona ta wuce. A Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai, aka rufe makarantu a yankin. Ga yajin aiki, ga ambaliya, ga sanƙarau da ke leƙo mu da bazara. Dalilin rufewa ba ya ƙarewa a nan.

Ke kuma 'yar'uwa, wannan ya fi shafar ki. Namiji idan an kulle filin makaranta zai samu wani a unguwa, ko ya ɗaura ƙarfe a jikin bishiya. Ke filin makaranta shi ne kaɗai inda gida za su yarda ki buga, cikin shigarki ta mutunci, tare da 'yan'uwanki mata. Idan aka kulle shi an gama. Kuma idan aka zo buɗewa da ɗan kuɗi kaɗan, kin san ƙungiyar da za a ce ta jira baɗi. Ko a Amurka haka aka yi. A gasar 2021 ɗin nan da na yaba wa tsarinta, maza a Indiana an cika musu zaure da kayan motsa jiki, mata a San Antonio aka ajiye musu 'yan ƙarafa a kan tarkace ɗaya. Wata 'yar wasan Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki bidiyon wajen ta sa a TikTok. Bai kai minti ɗaya ba. Miliyoyi suka kalla, hukumar ta ba da haƙuri, aka kawo kaya cikin kwanaki, aka sa lauyoyi suka binciki yadda ake bambanta maza da mata, a 2022 gasar mata ta koma ƙungiyoyi 68 kamar ta maza, aka kuma ba ta sunan March Madness da aka daɗe ana hana ta.

Wayar da ta yi wannan aiki irin wadda ke hannunka ce. Gobe da yamma ka bi ta filin kwandon makarantarku. Ka ɗauki allon, ka ɗauki zoben idan yana nan, ka ɗauki simintin da ciyawar da ta fasa shi. Idan kuma fes yake ana wasa, ka ɗauka ka yaba, a san da su. Ba zagi, ba kiran sunan kowa. Ka haɗa da hoton layin kuɗin wasanni na takardarka, ka rufe sunanka da lambarka. Sannan ku haɗu ku biyar ko goma, da daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai, ku je ofishin wasanni ku gaishe da wanda ke ciki cikin ladabi, ku ce ranka ya daɗe, jadawalin hunturun bana muka zo gani.